Yawo da kare a jigawa da fadamun kudancin Ingila: Thursley, Arne, Studland, New Forest ko Dunwich?

Mai kare da ke zaune a Landan ko garuruwan kudancin Ingila, in ya gaji da zagayen filin unguwa, sunaye biyar zai yi ta ji a bakin masu yawon daji: Thursley Common a Surrey, Arne da Studland a Dorset, New Forest a Hampshire, sai Dunwich Heath a gaɓar tekun Suffolk. A hoto kusan duk ɗaya suke. Jigawa ce mai yashi, itatuwa jefi-jefi, ƙasa lulluɓe da gajeren tsiron heda mai furen shunayya da ƙayar gos mai furen rawaya, a kwari kuma fadama mai taɓo da tafkuna. Amma ga mai kare tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Abu biyu ne ke raba gardama: watan da za ka je, da kuma ko karenka yana juyowa da kira ɗaya.

Dokokin wuraren nan ba don a takura wa kowa aka sa su ba. Birtaniya ta rasa kusan kashi 80 cikin 100 na irin wannan jigawa tun daga shekarar 1800, kuma ɗan abin da ya rage mata ya kai wajen kashi ɗaya cikin biyar na duk wadda ke duniya. Tsuntsayen da suka dogara da ita a ƙasa suke ƙwai. Yautai, wanda ke barin Afirka ta Tsakiya ya ratso Afirka ta Yamma ya iso Ingila a watan Mayu, ba ya ko yin sheƙa: ƙwai biyu yake ajiyewa a kan tsurar ƙasa tsakanin heda. Ba sai kare ya ci ƙwan ba. Da zarar ya tayar da uwar, ƙwan ya huce, ko hankaka ya gani ya sauko.

Ma'aunan da za a duba

Na farko dokar igiya. A ƙarƙashin dokar shiga filayen karkara ta shekarar 2000, duk filin da ita dokar ta buɗe wa jama'a a Ingila dole kare ya kasance a gajeriyar igiya, wadda ba ta wuce mita 2 ba, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, da kuma kowane lokaci in akwai dabbobin kiwo a kusa. Wannan shi ne mafi ƙaranci a irin waɗannan filaye. Masu kula da kowane wuri na iya ƙarawa, kuma yawancinsu sun ƙara, don yautai kan yi ƙyanƙyasa ta biyu har cikin Agusta. Igiya mai naɗewa da ke miƙewa mita 5 ko 8 ba ta cika sharaɗin ba sai an kulle ta a gajere.

Na biyu kuɗi. Shiga jigawar kanta yawanci kyauta ne, wurin ajiye mota ne ke cin kuɗi. A jirgin ƙasa kuwa fasinja na iya shiga da kare har biyu ba tare da biyan ko kwabo ba, saboda haka wurin da ke kusa da tasha ya fi araha fiye da yadda ake zato.

Na uku ƙarfin hanya, wato ko tana biyuwa duk shekara. Yashi yana tsotse ruwa, tsakuwa ba ta damu da ruwan sama ba, amma turbar da ta ratsa fadama daga Nuwamba zuwa Maris caɓi ce har idon sawu.

Na huɗu sauƙi: zuwa wurin, banɗaki, ruwan sha, inuwa, alamun hanya.

Na biyar haɗari, kuma nan ne ya kamata a daɗe. Maciji mai dafi ɗaya tak ke Birtaniya, ada, ɗan'uwan kububuwa, kuma jigawa ce gidansa. Yana fitowa shan hantsi daga Maris, cizon karnuka ya fi yawa tsakanin Afrilu da Yuli, galibi a fuska ko ƙafar gaba, domin da hanci kare ke bincike. In ya faru, ɗauki karen a hannu in zai ɗauku, kada ya yi gudu dafin ya bazu. Kada a ɗaure wurin, kada a tsaga, kada a tsotsa. A kira likitan dabbobi tun daga hanya, don ba kowane asibiti ke ajiye maganin dafin ba. Mafi yawan karnuka na warkewa in an kai su da wuri. Macijin kuma doka ta 1981 ta kare shi, kashe shi laifi ne.

Sai kaska, wadda ke yawa duk inda barewa take, kuma tana ɗauke da cutar Lyme da ke kama kare da mutum. Bayan kowace fita a laluba kunnuwa, hammata, tsakanin yatsu da matsematsi. A cire ta da ɗan ƙugiyar roba da ake sayarwa don haka, a murɗa a hankali har ta saki. Ƙona ta ko shafa mata mai yana sa ta amayar da abin da ke cikinta a jikin karen. Sai zafi: jigawa ba ta da inuwa, yashi yana ɗaukar zafi, kare mai gajeren hanci ko mai kauri kan galabaita kafin mai shi ya lura. Lita ɗaya ta ruwa ga matsakaicin kare a tafiyar awa biyu ba ta yi yawa ba. Kada a dogara da ruwan tafki, don a watannin zafi gansakuka mai launin shuɗi-kore kan taso a ruwan da ba ya gudu, kuma gubarta na iya kashe kare cikin 'yan awoyi.

Shigar kare cikin tafki ma ɓarna ce ga tafkin. Maganin ƙuma da kaska da ake ɗiga masa a ƙeya yana wankewa cikin ruwa ya kashe ƙwarin da ke ciki. Kashinsa kuma taki ne, alhali heda ba ta rayuwa sai a ƙasa marar taki. Inda kashin kare ya yawaita ciyawa ce ke cinye ta. A kwashe a leda, a tafi da shi har inda kwandon shara yake.

Thursley Common

Hukumar Natural England, mai kula da muhallin halittu a Ingila, ce ke kula da shi, faɗinsa kimanin hekta 325, kusa da ƙauyen Elstead, gefen babbar hanyar A3. Shi ne mafi kusa da Landan cikin biyar ɗin. Ana ajiye mota a filin Moat kyauta, daga nan a bi hanyar katako mai tsawon fiye da kilomita ɗaya da ta ratsa tsakiyar fadama har wajen tafkin Pudmore. An ƙidaya nau'in mazari sama da 20 a nan, kuma fadamar tana cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar.

Ta fuskar ƙarfin hanya Thursley yana da kyau ƙwarai: katako a fadama, yashi a tudu, don haka ko a Janairu ana dawowa da ƙafa kusan a bushe. Gobarar ƙarshen Mayun 2020 ta cinye babban ɓangare na jigawar da yawancin katakon, aka sake ginawa. Wata gobarar ta riga ta yi ɓarna mai yawa a Yulin 2006. Wannan ya isa ya nuna dalilin hana gashin nama da sigari a wurin.

Matsalar ita ce katakon siriri ne. Kare biyu in suka haɗu babu wurin kaucewa, ga masu kallon tsuntsaye da kyamarori a kafe, ga ƙadangaru na shan rana a kan allunan. Kare mai fizga ko mai haushin 'yan'uwansa zai wahalar da kai a nan. Haɗari na musamman kuma shi ne koren gansakukar da ke gefen katakon. A ido kamar ciyawar fili take, amma ƙarƙashinta ruwa ne da taɓo mai zurfi, karen da ya yi tsalle ya faɗa sai an jawo shi. Shi ya sa ɗamarar ƙirji mai hannun riƙewa ta fi abin wuya amfani a Thursley. Babu banɗaki, babu shagon shayi, babu famfo. Filayen da ke maƙwabtaka da shi, irin su Hankley, sojoji na atisaye a cikinsu, saboda haka karen da ƙarar bindiga ke firgitawa a riƙe shi da kyau.

Arne

Arne na ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ne tun tsakiyar shekarun 1960, a wani tsibirin-gaɓa da ya kutsa cikin mashigin Poole, kimanin kilomita 7 daga garin Wareham. Doka a nan ba ta da kwana-kwana: kare a igiya duk shekara. Wanda ba ɗan ƙungiyar ba zai biya, 'yan ƙungiya kyauta. Abin da kuɗin ke saya maka a bayyane yake: banɗaki, shagon abinci, taswira, hanyoyi masu alamar launi da ma'aikatan da za ka tambaya.

Hanyoyin Shipstal su ne suka fi dacewa da kare. Suna ratsa gona, kurmi da jigawa su sauka a ɗan bakin ruwa mai yashi, ana iya yin gajeren zagaye ko a tsawaita zuwa kilomita 5 ko 6, kuma akwai inuwar itatuwa a rabin hanya, abin da Thursley ba shi da shi. Ta ɓangaren Coombe Heath ana leƙa mashigin Middlebere, inda dubban tsuntsayen ruwa ke taruwa a lokacin sanyi. Shahon kifi da aka fara dawo da shi yankin Poole a 2017, ya kuma yi ƙyanƙyasar farko a 2022, irin wanda ke zuwa cin rani Senegal da Gambiya ne.

Abin lura a Arne barewar sika ce. Tana da yawa, ba ta gudun mutane sosai, wani lokaci garke guda na tsaye 'yan taku daga hanya. Ga kare mai jinin farauta wannan jarrabawa ce daga farkon tafiya har ƙarshenta, kuma a Oktoba, lokacin barbararsu, mazan kan yi tsaurin kai. Yawan barewa yana nufin yawan kaska. Tun da aka haɗe jigayin Purbeck, yankin da Arne da Studland ke ciki, wuri guda a 2020, hekta 3,331, shanu da ƙananan dawaki da aladu na kiwo sake a wasu sassan yankin, har kan titin da ke kaiwa Arne. A tuƙa a hankali.

Studland da Godlingston Heath

Wannan na National Trust ne, ƙungiyar adana wuraren tarihi da filayen karkara, kuma shi ne wanda ya haɗa abubuwa da yawa a wuri ɗaya: rairayin bakin teku na kusan kilomita 6, tuddan yashi, tafkin ruwan daɗi da ake kira Little Sea, sai jigawar Godlingston da dutsen Agglestone a tsakiyarta, curin dutse mai nauyin kimanin tan 400. Zagayen da ya tashi daga ƙauyen Studland zuwa dutsen ya dawo bai fi kilomita 5 ba, sai dai akwai hawa, akwai yashi mai laushi da ke gajiyar da ƙafa, a lokacin sanyi kuma kwarin da ke ƙasan dutsen yana jiƙewa sosai.

Dokar igiya iri biyu ce, kuma nan mutane ke rikicewa. A jigawa igiya ce a lokacin ƙwai daga Maris. A bakin teku igiya ce daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba. Ma'ana daga Oktoba zuwa Afrilu rairayin a buɗe yake ga kare ya yi gudu iya son ransa, kuma a duk jerin nan babu filin gudu da ya kai shi. A tsakiyar bazara kuwa Studland cunkoso ne: wuraren ajiye mota na cika da hantsi, layin jirgin fito na Sandbanks, wanda ke ƙetare bakin mashigin Poole, yana tsawo, kuɗin ajiye mota ga wanda ba ɗan National Trust ba yana da nauyi. Bas mai lamba 50 tsakanin Bournemouth da Swanage yana bi ta nan, ta kan jirgin fiton.

Abubuwa uku ne ba a cika faɗa wa baƙo ba. Wani yanki na rairayin, kusan kilomita ɗaya a arewacin Knoll Beach, babban wurin saukar baƙi a bakin tekun, an keɓe shi ga masu zama tsirara, an kuma kafa alamu; mai tafiya da iyali ya bi hanyar da ke bayan tuddan yashi ko ya tsaya ta kudu. Na biyu, a watan Maris na 2025 aka saki biba, dabbar ruwa mai datse rafi da itace, a Little Sea, sakin farko da gwamnati ta ba wa lasisi a dajin Ingila, don haka tafkin ba wurin wankan kare ba ne. Na uku, an yi atisayen yaƙi da harsashi na gaske a nan a 1944, har yanzu akan tono ragowarsu. Kare mai haƙa in ya fito da wani ƙarfe mai tsatsa, a bar shi a wurin, a sanar da ma'aikata.

New Forest

Wannan ba a kwatanta girmansa da sauran. Gandun ƙasa ne tun 2005, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 560, kuma yawancin fadamun kwari irin nasa da suka rage a yammacin Turai a cikinsa suke. Shi ne kuma inda kare ya fi samun 'yanci: babu dokar igiya ta bai-ɗaya a yawancin dajin, sharaɗin shi ne kare ya kasance a idonka kuma yana amsa kira. 'Yancin nan shi ne amfaninsa, shi ne kuma tushen yawancin matsalolin da ake samu.

Hanyoyinsa kashi biyu ne, kuma dole a bambanta su. Akwai na tsakuwa cikin kurmin da aka killace, kamar Wilverley, Blackwater mai dogayen itatuwa, da tsohon layin dogo da ya bi ta Holmsley tsakanin Burley da Brockenhurst. Waɗannan shimfiɗaɗɗu ne, ba sa caɓewa, akwai inuwa, tsuntsaye masu ƙwai a ƙasa ba su da yawa a cikinsu. Su ne wurin sakin kare a watannin Maris zuwa Agusta. Sannan akwai na buɗaɗɗiyar jigawa da fadama, kamar zagayen da ya tashi daga Shatterford kusa da tashar Beaulieu Road ya bi ta Denny Wood. Ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma nan ne tsuntsayen fadama masu dogon baki ke ƙwai, adadinsu kuma yana raguwa. Hukumar gandun daji ta Forestry England kan rufe wasu wuraren ajiye mota, har da Shatterford, a lokacin ƙwai, ta kuma kafa alamu masu launin lemo da ja. Ja na nufin a canja hanya. Wannan zagayen na Satumba zuwa Fabrairu ne, da takalmin roba.

Dabbobin kiwo su ne babban haɗari. Ƙananan dawaki kusan 5,000 ke yawo sake, ga shanu da jakuna, duk da masu su. Goɗiya mai ɗa, daga Afrilu zuwa Yuni, tana harbi ba gargaɗi. Daga Agusta zuwa Nuwamba ana kora dawakin a tattara su don dubawa, ranar da ake yi a wani yanki a kauce masa. A kaka ana sakin aladu su cinye 'ya'yan itacen oak da ke zuba, waɗanda guba ne ga dawaki, kuma suna ɓata cikin kare in ya ci da yawa. Tun 1 ga Yulin 2023 ciyar da dawaki da jakuna ko shafa su laifi ne, haka kunna wuta, tarar nan take fam 100, tana iya kaiwa fam 1,000 a kotu. Karen da ya kori dabbar kiwo kuma mai shi ne zai amsa laifi a ƙarƙashin dokar 1953. In shanu suka taso muku, saki igiyar. Kare ya fi ka gudu, riƙe shi ne ke jawo su kanka.

Akwai kuma cutar da ake kira Alabama rot, wadda aka fara ganewa a Birtaniya a 2012, da yawa daga cikin karnukan farko kuma a wannan yankin suka yi yawo. Ba ta da yawa ko kaɗan, amma tana lalata ƙoda, kuma yawancin waɗanda ta kai wa ƙoda ba sa tashi. Ta fi bayyana tsakanin Nuwamba da Mayu. Alamar farko gyambo ne a ƙafa, ciki ko baki wanda ba a san sanadinsa ba. Shawarar likitoci ita ce a wanke taɓo daga jikin kare bayan tafiya, a duba fatarsa na 'yan kwanaki, in an ga gyambo a kai shi a ranar.

Wajen sauƙin zuwa babu kamarsa. Jirgi daga tashar Waterloo ta Landan yana kai wa Brockenhurst cikin kusan awa ɗaya da rabi, daga tashar kuma da ƙafa ake shiga daji.

Dunwich Heath

Dunwich, shi ma na National Trust, shi ne ya fi tsara wa mai kare abin da yake bukata. A jigawar igiya ce daga farkon Maris zuwa ƙarshen Agusta, amma an ware wata hanya mai suna Woof Walk inda ake sakin kare ko a lokacin ƙwai, bakin tekun ma haka. Akwai shagon shayi a tsofaffin gidajen masu gadin teku, akwai banɗaki. Ƙasar yashi ce mai tsotse ruwa, hanyoyin gajeru ne, kusan a miƙe, sun dace da tsohon kare ko ɗan kwikwiyo. Ana biyan kuɗin mota in ba ɗan ƙungiya ba ne.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne zaton za a zarce da kare cikin Minsmere, shahararriyar fadamar RSPB da ke manne da shi ta kudu. Ba a shiga da kare hanyoyin cikinta da rumfunan kallon tsuntsaye, sai karen jagorar nakasassu. Abin da ya halatta shi ne hanyoyin jama'a da suka kewaye ta, ciki har da ta bakin teku, daga inda ake hango fadamar sosai. Wanda fadama ce ta kawo shi ya san cewa a Dunwich daga gefe zai gan ta.

Gaɓar tana zaizayewa. Garin Dunwich kansa babbar tashar jiragen ruwa ce a da, teku ta cinye ta tun daga guguwar 1286. Kada a bar kare kusa da bakin gangaren, ƙasar na iya zabtarewa. Bakin ruwan duwatsu ne ƙanana, ba rairayi ba, suna gurje tafin kare in gudun ya yi yawa. Bayan guguwa kuma a hana shi cin matattun kaguwa da sauran abin da teku ta watso. Zuwa ba mota yana da wuya, tashar Darsham tana da nisan kusan kilomita 10.

| Wuri | Igiya | Kuɗi | Hanya a lokacin sanyi | Kayan more rayuwa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Thursley | Lokacin ƙwai, da kan katako | Kyauta | Mai kyau | Babu | Taɓo mai zurfi, maciji, gobara |
| Arne | Duk shekara | Biya, 'yan RSPB kyauta | Mai kyau | Cikakku | Barewa, kaska |
| Studland | Jigawa daga Maris, teku Mayu zuwa Satumba | Biya, 'yan National Trust kyauta | Rairayi lafiya, kwari caɓi | Cikakku a Knoll Beach | Zafi, cunkoso, maciji |
| New Forest | Ba dole ba in yana amsa kira | Ya danganta da wurin ajiye mota | Tsakuwa lafiya, fadama caɓi | A ƙauyuka da wasu wurare | Dawaki, shanu, kaska |
| Dunwich | Maris zuwa Agusta, ban da Woof Walk da teku | Biya, 'yan National Trust kyauta | Mai kyau | Cikakku | Gangaren gaɓa, maciji |

Wanne ya dace da wa

Mai kare mai ƙarfi da ke bukatar gudu, in tsakanin Maris da Agusta ne, zaɓinsa biyu ne kawai na gaskiya: Dunwich, ko hanyoyin tsakuwa na New Forest. In karen bai ƙware da amsa kira ba, Dunwich, domin a New Forest doki na iya ɓullowa a kowace kwana. Daga Oktoba zuwa Afrilu kuwa rairayin Studland ya fi duka biyun.

Wanda tsuntsaye da fadama ne suka fi jan hankalinsa, karen kuma mai natsuwa ne a igiya, ya tafi Thursley a Yuni ko Yuli da sassafe don mazari, ko Arne a lokacin sanyi don tsuntsayen ruwa. Tsakanin biyun, mai yara ko tsofaffi ya ɗauki Arne saboda banɗaki da inuwa. Mai son kashe kuɗi kaɗan da dawowa gida kafin azahar ya ɗauki Thursley.

Kare mai jinin farauta, irin mai bin duk abin da ya motsa, Arne zai zame masa azaba, New Forest kuma haɗari. Dunwich ko Thursley a gajeriyar igiya sun fi masa. Kare mai tsoron 'yan'uwansa ya guji katakon Thursley da Studland na bazara; faffaɗan hanyoyin New Forest a ranar aiki suna ba shi wurin kaucewa.

Marar mota ya nufi Brockenhurst, ko ya haɗa jirgi da bas mai lamba 50 zuwa Studland. Wanda kuma zai riƙa fita sau da yawa a shekara ya lissafa kuɗin zama ɗan National Trust, domin katin yana ɗauke masa kuɗin mota a Studland da Dunwich duka. Ko ina aka zaɓa, doka ta wajabta wa kare ƙwayar shaida ta lantarki a ƙarƙashin fata tun Afrilun 2016, da abin wuya mai ɗauke da suna da adireshin mai shi. A ajiye lambar likitan dabbobi mafi kusa da wurin a waya tun daga gida, don a tsakiyar jigawa sabis yakan ɗauke.